Murfin Tukunya Biyu Da Sunan Ɗan Fari

Ko da zan manta da komai na shekarar nan, ba na jin zan manta da Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Mutanen unguwarmu ta Ƙofar Durbi ma ba su manta ba, sai dai abin da suke tunawa daban yake da na sauran jama'a. Kowa yana tuna rantsuwa da fareti. Su kuwa suna tuna ranar da surukar mai gyaran agogo ta yi ta cara kamar zakara a tsakar gida. Ni ce surukar. Wata biyar ke nan, amma har yanzu in murfin tukunya ya faɗi a madafa sai ranar ta faɗo mini.

Ni ce auta a gidanmu, kuma tun ina ƙarama aka kai ni makarantar kwana, saboda haka ban taɓa reno ba. Na gama sakandare na san ƙananan ƙasusuwa uku da ke cikin kunnen mutum (na zana su a jarrabawa, har malama ta ɗaga takardata ta nuna wa aji), amma ban san yadda ake saɓa jariri a kafaɗa ba. Aka ɗaura mini aure da Malam, wanda ke koyarwa a firamare, muka zauna a gidan iyayensa. A gidan akwai Baba, mahaifinsa, mai gyaran agogo da teburinsa a bakin kasuwa. Akwai Inna, mahaifiyarsa. Sai Yaya Binta, matar wansa, mai 'ya'ya uku a lokacin. Mijinta direba ne, ba ya cika zama.

Na haihu a ƙarshen damina, namiji. Na tafi gidanmu Ƙofar Sauri na yi wanka. Bayan mako uku Yaya Binta ma ta sauka, ta sami mace, ana ce mata Ummi. Ranar da za a mayar da ni, mahaifiyata ta zaunar da ni a bakin gado ta yi mini huɗuba.

"Ɗan fari ba naki ba ne, na mutanen gida ne. Kar bakinki ya kama sunansa. Kar a ga kina masa wasa. In ya yi kuka gaban surukai, ki yi kamar ba ki ji ba sai an ce ki ɗauka. Kar ki bari a ce 'yar boko ba ta da kunya."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta zauna mini. Kun san halin ɗalibar da ta saba cin jarrabawa: in aka ce ta yi shafi ɗaya sai ta yi uku. Na ɗauki kunyar ɗan fari kamar darasin da za a ba da maki a kansa. Ba na kiran sunansa, "wannan yaron" nake cewa, ko "mijin Inna", tunda haka take tsokanarsa. In zan ba shi nono sai in kau da kai ina kallon bango. Ko mu biyu ne a ɗaki ba na yi masa magana, don kar bakina ya saba in zo in yi a gaban mutane. (Abu ɗaya nake sata: in ba kowa, nakan sa hancina a tsakiyar kansa in shaƙa. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.) Matan unguwa suka yi ta yabo, wai surukar Inna ko a ƙauye sai an tona kafin a sami mai kunyarta. Ni kuwa ina jin daɗi.

Yana da wata biyar, zafi ya fara shigowa, ya kwanta zazzaɓi. Tun da asuba na ji jikinsa kamar garwashi. Na ɗauke shi, na ajiye, na sake ɗauka. Na je ƙofar ɗakin Inna sau biyu ina dawowa, saboda ban san yadda uwar ɗan fari ke buɗe baki ta ce ɗanta ba shi da lafiya ba tare da an ce ta cika rawar jiki ba. Sai da la'asar, da wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, Inna ta yi salati aka nemi mota. Kwana tara muka yi a asibiti. Allah ya tashe shi. Ya dawo a rame, amma cikin mako biyu ya murmure, yana dariya, yana cin kunu. Inna ta yi waina aka raba sadaka, kowa ya ce an auna arziki.

Kullum da hantsi Inna kan shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi da ke tsakar gida, a zaunar da shi da Ummi, a tokare su da matasai. A kan tabarmar nan na fara gani. Yayyen Ummi ba sa zama, su bugo ƙofa, su kifar da bokiti, su yi faɗa a kan ƙwallon tsumma. Duk abin da ya yi ƙara sai Ummi ta zabura, wani lokaci ta ɓare baki. Nawa ko gezau. In aka ce "Ummi!" daga madafa, sai ta juya tana neman mai kira. Shi sai ka zo gabansa ya ga fuskarka, sannan ya washe baki. Kafin zazzaɓin yana gwaranci, "ba-ba-ba" har ya ishe mu. Bayan zazzaɓin gwarancin ya yi ta raguwa har ya ɗauke, alhali Ummi, wadda ya girma, bakinta ba ya rufuwa.

Baƙi kuma sai yabo. "Kai, yaron nan akwai haƙuri." "Barcinsa ko daka ake ba ya tashi." "Wannan ba zai wahalar da uwarsa ba." Kowane yabo sai in ji shi kamar an soka mini tsinke.

Na ce wa kaina hali ne, wani yaron shiru-shiru ne. Har ranar ruwan farko. Da yamma ne, hadari ya haɗu, aka saki wata tsawa da ta sa ni kaina na yar da tsintsiya. Yara suka kwasa da gudu suna ihu, Ummi ta shiɗe da kuka, akuya ta tsinke igiya. Na duba tabarma. Yana zaune, ya kama babban yatsan ƙafarsa yana ƙoƙarin kai shi baki.

A makon nan muka je awo, Inna ce ta raka ni. Bayan an ɗora shi a sikeli, malamar asibiti tana rubutu a kati ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba: "Yana zama? Yana kama abu? Yana juyowa in an kira shi?" Inna na tsaye a gefena da zanen goyo a hannu. Na ce, "E." Malamar ta yi alama a katin. Inna ba ta ce komai ba. Muka dawo gida.

Za ku ce me ya hana in gaya wa mijina? Na gwada. Sau biyu ina fara "Malam, wannan yaron..." sai ya ce, "Me ya same shi?" da wata irin murya mai sauri, ni kuma in ce, "Rigunansa sun matse shi." Tsoro biyu ne suka riƙe ni. Ina ganin in na furta abin zai tabbata. Kuma in aka fara tambayar yaushe, da ta yaya, za a kai ga safiyar nan da na yi ta zarya a ƙofar ɗakin Inna ban shiga ba.

Ga shi kuma a lokacin gidan gaba ɗaya ya bi ya rikice mini. Inna, wadda ban taɓa ganin ko cokali ya kuɓuce mata ba, ta fara sakin tasa. Tana wucewa ta bayan tabarma sai ka ji tangaran, ta ce, "Oh ni, hannun nan ya hwara tsufa." Baba ya fara dawowa da agogunan tebur masu ƙararrawa, ya zauna kusa da yaran yana murɗa su suna ƙara, wai a kasuwa hayaniya ba ta barinsa ya ji ko gyaran ya yi. Malam ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, sai ya shigo da babur har bakin tsakar gida sannan ya danna ham. Yaya Binta kuma ta daina barin Ummi a tabarma, da ta gan ni na fito sai ta ɗauke ta ta goya. Wannan ya fi yi mini ciwo. Na ce a raina wato ta ga 'yarta ta fi nawa, ba ta son su haɗu. Na yi kwana uku ina amsa mata gaisuwa a daƙile.

Ni mai takardar sakandare, na ga duk wannan, ban gane komai ba.

Sai na yanke shawarar in gwada shi da kaina, gwaji na sosai, ranar da ba kowa. A gidan surukai kuwa ranar da ba kowa ba ta cika zuwa ba. Sai ga Asabar ɗin nan. Maza duk sun tafi gidan wani maƙwabcinmu mai talabijin don su ga rantsuwa, har da Baba da Malam. Inna da Yaya Binta sun kwashi yara sun tafi barka Ƙofar Kaura. Ni aka bari da tsaron gida, tunda na fara tsifa zan je kitso da yamma, rabin kaina a tsefe yake, rabi da tsohon kitso. Wanki nake yi, da ɗaurin ƙirji. Na ji gari ya yi tsit, ko mai tallar ruwa babu. Na ce yau ce ranar.

Na zaunar da shi a tabarma yana fuskantar ƙofar zaure, na ba shi marfin kwalba yana tauna. Na zagaya bayansa a hankali, don a makaranta an koya mana gwaji ba ya yiwuwa in wanda ake gwadawa yana gani. Na tafa hannu. Shiru. Na matso na sake tafawa. Na ɗauko cokali na buga a kofin tangaran. Na kaɗa makullai. Yana ta taunarsa, yawu na zuba a ƙirji.

Daga nan ne hankalina ya fara barin jikina. Na shiga madafa na ɗauko murfin tukunya biyu, manya, na tukwanen suna. Na haɗa su gwaram! Kaji suka watse, tantabarun maƙwabta suka tashi. Bai motsa ba. Na sake. Na sake. Ɗankwalina ya zame ya faɗi, ban bi ta kansa ba. Sai wani tunani ya zo mini (kar ku tambaye ni daga ina): yaron nan yana son zakaran Inna, in ya gan shi har zillo yake yi, watakila ƙarfe ne bai sani ba, amma zai san muryar zakara. Na buɗe baki na yi cara. Ba sau ɗaya ba. Na yi kukan akuya. Na koma cara, ina haɗawa da murfi.

Da duk suka ƙare mini, abu ɗaya ya rage. Wata tara ban taɓa furta shi ba. Na durƙusa a bayansa na faɗa a hankali, kamar mai satar nama a tukunya.

"Lawal."

Sunan ya yi mini baƙo a baki, ya kuma yi mini daɗi, sai kawai hawaye. Na ƙara murya. "Lawal." Na miƙe tsaye, na runtse ido, na shiga buga murfin da iya ƙarfina ina kururuwa: "Lawal! Lawal! Lawali, ka juyo! Don Allah ka juyo, ni ce! Lawal!"

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Abin da na sani daga baya shi ne, ana tsakiyar kallo aka ɗauke wuta. Baba ya ce a zo zaurensa, yana da rediyo mai batir. Maza wajen goma sha biyar suka biyo shi, har da limamin unguwa. Tun daga bakin lungu suke jin ƙarar. Suna zaure aka yi caran ƙarshe. Baba ya yi sallama sau uku, yana gyaran murya, kamar yadda ya saba don surukai su kintsa, ni ban ji ba.

Na buɗe ido na ga yaron ya ɗaga hannu biyu yana ɓangala dariya. Wallahi na daƙiƙa ɗaya zuciyata ta yi tsalle, na ce ya ji. Sai na lura ba ni yake wa ba. Gabansa yake kallo. Na bi inda idonsa yake, na ga takalman Baba. Na ga bakin rigarsa ta Juma'a da ya sa don ranar. Na ga Malam a bayansa, baki buɗe.

Mace mai hankali da gudu za ta yi. Ni abin da ya fara zo mini shi ne kaina ba ɗankwali gaban surukina. Sai na kifa murfi ɗaya a ka. Ɗayan na kare ƙirji da shi. Na durƙusa har ƙasa a haka, da majina da hawaye, na ce, "Baba, sannu da zuwa."

Daga zaure wani tsoho ya ɗaga murya: "Mai agogo, lahiya dai? Ko zakaran ne ya hwaɗa tukunya?" Wani ya ce, "A miƙo rediyon mana, za a rantsar ba mu ji ba!"

Sannan ne ƙafafuna suka tuna aikinsu. Na faɗa ɗaki, na ja labule, na zube a bayan ƙofa. Ina jin murfin da na yar yana ta juyi a siminti, kamar ba zai taɓa tsayawa ba.

Na zauna ina jiran abin da zai biyo baya. Na san an gama da ni. Gobe labari zai kai Ƙofar Sauri, mahaifiyata ta ji 'yarta ta kira sunan ɗan fari da ƙarfin da liman ya ji, kai ba ɗankwali. Amma abin mamaki, a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya fi ta nauyi, har kunyar ta zama kamar ba komai ba. Bai juyo ba. Na yi duk abin da murya da ƙarfe za su iya, bai juyo ba.

Na ji Baba ya ce wa Malam, "Kai masu rediyon, ka dawo." Na ji ya shiga ɗakinsa ya fito. Sai takunsa ya matso har bakin ƙofata, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

"Ɗiyata," ya ce. "Ba sai kin hito ba. Ɗaga labulen kaɗan ki duba."

Na jawo mayafi na rufa, na ɗaga gefen labule. Baba ya tattare rigarsa ya zauna a tabarma, a ƙasa, da wani jan agogon tebur a hannu. Ya murɗa shi, ya kai bayan yaron ya saki ƙararrawa. Ba abin da ya faru. Ya sake murɗawa, ya kawo dab da kunnen dama. Yaron na ta taunar marfinsa. Ya murɗa na uku, ya zagayo da shi ta hagu, har ƙarfen yana kusan taɓa kunnen.

Taunar ta tsaya. Idanunsa suka tafi gefe, a hankali, kamar mai son tuna wani abu. Ya saki marfin, ya kai hannu wajen kunnen.

"Kin gani?" in ji Baba, bai dube ni ba. "Ni shekara arba'in aikina saurare ne. Agogon da ya tsaya daban, wanda ke bugawa a hankali daban. Abokin nan nawa bai tsaya ba. Wanga ɓangaren yana nan."

Ban san lokacin da na yi wa surukina magana kai tsaye ba. Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Wata biyu ke nan. Kin zaci aikin kasuwa nike kawowa gida? Agogon nan lahiyarsa lau, sau talatin ina gyara shi." Ya ajiye agogon a tabarma. "Na ga yarinya ce ke, ga ɗan fari. Na ce in na hwaɗa na ɗaga maki hankali, in kuma ya zamo kuskure na yi, na sa maki abu a rai a banza. Kullum sai in ce bari in ƙara gwadawa gobe."

Malam ya dawo yana tsaye jikin bishiya. Ya ce da ƙaramar murya, "Baba, ni ma ham ɗin nan da nake dannawa..."

Baba ya ɗago ya dube shi. "Au. Ashe kai ma. Ni ina nan ina cewa tarbiyya ce ta hwara lalacewa."

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Daga bayan labule na faɗi abin da na ɓoye wata huɗu: tun asuba na ji zazzaɓin, na je ƙofar Inna sau biyu na dawo. Na faɗa da ƙarfi don in gama, in ya so a mayar da ni gidanmu. A zaure rediyo na ta magana, ana ta tafi a can wani wuri mai nisa.

Inna ta dawo bayan azahar, kuma tun a hanya labari ya tare ta. Tana shigowa ta ce, "Ina zakaran gidan? An ce mun yi sabo." Ta ɗaga labule ta shigo ɗakina da mayafinta. Da ta ga fuskata sai wasan ya ƙare mata. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta ɗauki jikanta ta ɗora a cinya. Malam ya maimaita mata komai daga bakin ƙofa, har maganar asubar.

"Ke kaɗai kika ji zahin jikinsa?" ta ce. "Ni da na yi masa wanka da sahe fa? Na ji, na ce haƙori ne. Na haihi bakwai, na ce haƙori ne. In laihi za a raba, ki bari in ɗebi nawa tukun." Ta share ido da bakin mayafi. "Tasa huɗu na lotsa a bayan yaron nan. Ran da kika ce wa malamar awo e, ina ji. Na ce in na ƙaryata ki na kunyata ki gaban baƙuwa."

Yaya Binta na tsaye da Ummi a baya. Ta ce, "Ni kuma ina kwashe wannan mai surutun ne don kar ki dinga haɗa su kina gani. Na ga kina fushi da ni, na ce gara fushin."

Mu biyar, manya, a gida ɗaya, muna cin tuwo daga tukunya ɗaya. Wata biyu kowa na gwajinsa a ɓoye, kowa na tausayin wani, yaro na zaune a tsakiya.

Ranar Litinin muka je asibiti, aka tura mu wani asibitin a Kaduna inda suke da na'urar gwada ji. Likitar mace ce, Bahaushiya, mai farin gilashi. Ta tabbatar da abin da jan agogo ya riga ya faɗa: na dama sai dai addu'a, na hagu akwai saura. Ta ce irin zazzaɓin nan yakan yi haka ko an zo da wuri, kuma in ya ƙara girma za a gwada masa abin sawa a kunne. Sannan ta tambaya wa ya fi zama da shi. Aka nuna ni.

"To aikin naki ne. Ki dinga zuwa ta hagunsa, kusa, yana ganin bakinki. Ki yi ta masa magana daga safe har dare, komai kike yi ki faɗa masa. Sunansa kuwa ki kira shi sau ɗari a rana, shi ne kalmar da zai fara kamawa."

Ni da Inna muka dubi juna. Malam ya sosa ƙeya ya ce, "Likita, ɗan fari ne."

Ta cire gilashin. "Ni ma 'yar fari ce. Har yau mahaifiyata ba ta kama sunana, kuma ban taɓa jin haushi ba. Amma ni kunne biyu gare ni, na ji ta ta wasu hanyoyin. Shi rabin ɗaya gare shi. Ku zaɓa."

Da muka dawo, Baba ya tara mutanen gida bayan la'asar, abin da sai rabon gado ko aure ake yi. Ina daga ɗaki ina ji. Ya ce, "Daga yau a gidan nan uwar Lawal za ta kira Lawal, gabana, gaban uwarku, gaban kowa. Wanda ya ga rashin kunya ya zo ya same ni. Ni na sa ta." Aka kai wa mahaifiyata labari. Daga baya ta aiko mini da ɗankwali sabo, ba saƙo. Na gane.

Ba zan ce muku ya zo da sauƙi ba. Makon farko in zan kira shi gaban Baba sai in yi ta motsa baki kamar kifi. Kuma ba zan ce muku tsoro ya tafi ba. Yanzu watansa goma sha huɗu, yana bin bango. Ummi na cewa "Inna", tana cewa "uwa" in tana son ruwa. Shi har yanzu ba kalma. Akwai ranakun da nake surutu tun safe, "ga kofi, Lawal, ga ruwa, Lawal, wanka za mu yi," har muƙamuƙina ya gaji, in dube shi in rasa ko yana shiga. Ban san yadda makaranta za ta kasance masa ba. Ban san ko zai ji kiran salla daga masallacin unguwa ba. In na fara wannan tunanin sai in tashi in nemi wanki.

Amma ranar Talatar da ta wuce, Baba na karyawa a gindin bedi, yaron na tsaye riƙe da gwiwarsa yana leƙen kofin koko. Na zo wucewa ta hagunsa da tsintsiya. Ban durƙusa ba, ban matso sosai ba, ban ma shirya ba. Na ce, "Lawal," da muryar da ake kiran kowa.

Ya juyo. Ya nemi inda nake, ya same ni, ya yi dariya da haƙoransa huɗu.

Baba ya ajiye ludayi. Ya zaro agogon aljihunsa ya buɗe, ya daɗe yana duba shi, kamar akwai wani abu a ciki da bai taɓa gani ba.

A unguwa har yau ban tsira ba. In na fita unguwa da mayafina, tsofaffin zaure sukan amsa gaisuwata da mutunci, sai na wuce in ji wani ya yi tari mai kama da cara. Jawabin da aka yi wa ƙasa ran nan kuwa ban san ko kalma ɗaya daga cikinsa ba, kuma an ce mazan zaurenmu ma ba su fahimci da yawa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na yi wata tara ina tsaron mutuncina, na zubar da shi cikin rabin awa, kuma rabin awar nan ce kaɗai ta amfani ɗana. Saboda haka ke mai ɗan fari, in kin ga abin da ya tsorata ki, kar ki jira ranar da ba kowa a gida. Babu irin wannan ranar, ana iya ɗauke wuta. Ki je ƙofar surukarki ki shiga tun a zuwan farko. In kuma har sai kin yi haukan, ki yi shi da wuri, ki kuma ɗaure ɗankwalinki tamau, don na gwada murfin tukunya, ba ya zama a ka.